Saƙon Da Ba A Sa Wa Hannu Ba

Masu karatu, na ga abin da kuka rubuto a ƙarƙashin kashin da ya gabata, na kuma karanta shi duka, har da na yarinyar da ta ce "Kaka ta faɗa tarko" sannan ta jera fuskoki masu dariya guda bakwai. Na yafe miki, 'yata. A zamaninmu sai mutum ya koyi gaishe da babba kafin ya koyi yi masa dariya, amma na lura an juya tsarin.

Saboda waɗanda suka shigo yau, zan maimaita a taƙaice. Ni gwauruwa ce, shekaruna sittin da takwas, maigidana ya rasu shekara shida ke nan, ina kuma zaune ni kaɗai. Wata uku da suka wuce wani dattijo a ikkilisiyarmu, wanda kowa ke kira Kafinta, ya fara turo mini saƙonni a waya yana neman aurena. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Tsakanina da shi, a shekara ashirin, babu abin da ya wuce "ina kwana" da "a gaida gida". Saƙonsa na farko ga shi kamar yadda ya zo:

"Salama, Malama. Ubangiji ya ce in faɗa miki kwanakin kaɗaicinki sun ƙare."

Babu suna a ƙasa. Babu "ni". Mutum yana neman mace, amma ya tura Mahaliccin sama da ƙasa gaba, shi ya laɓe a baya kamar wanda ya fasa tulun maƙwabta.

Dole ku san wace ce aka turo wa wannan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba rubutu a ofishin da ake fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Dogon tebur ne, maza shida, fanka ɗaya mai ƙara, da ni a ƙarshen tebur riƙe da jan biro. Na ga dattawa masu furfura sun kwana uku a kan kalma ɗaya. Sukan yi addu'a, su yi gardama, wani ya tashi ya fita cikin fushi, ya dawo ya nemi gafara, a sake addu'a, a sake gardama. Shugabansu, wani tsohon Fasto, ya kafa doka tun kafin a ɗauke ni aiki: duk wanda ya taɓa kalma, ya rubuta sunansa a gefen takarda. Ba a taɓa karya ta ba har na yi ritaya.

Ina sabuwar ma'aikaciya na taɓa tambayarsa. Na ce, "Baba, in duka maganar Allah ce, me ya sa wannan marubucin yake ja da tsawo kamar ba zai tsaya ba, wancan kuma yake sauri kamar ana korarsa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Yarinya, Ruhu ya hura musu, amma bai kashe su ba tukuna ya hura. Duba da kyau. Likitan cikinsu yana gaya miki wane hannu ne ya shanye, da irin zafin zazzaɓin. Makiyayin yana maganar garke da zaki. Wanda ke kurkuku yana roƙo a kawo masa mayafinsa domin sanyi ya dame shi. Allah bai ji kunyar sanyin bawansa ba, ya bar shi a cikin Littafinsa. Kowanne ya rubuta gaskiyar Allah da idon da sana'arsa ta ba shi."

A kan wannan na tsaya tun daga ranar, a kansa kuma zan mutu. Ina raina masu ilimin rabin kwalba da ke cewa Littafin maganar mutane ce kawai. Ina kuma raina, fiye da su, waɗanda suka mai da annabawa da manzanni bututun ruwa, wai an zuba ta sama ta fito ta ƙasa. Daga wannan kuskure na biyu ne aka haifi annabawan waya na yau, waɗanda ko ciwon kai ya kama su sai su ce Ubangiji ya ce.

To, yanzu ga abin kunyar, tunda na yi alkawari ba zan ɓoye muku ba. Ban share saƙonnin ba. Na sayi sabon littafin rubutu mai bango kore, ina kwafe su ɗaya bayan ɗaya da hannuna, da kwanan wata. Na gaya wa kaina ina tara shaida ne don in kai wa dattawan ikkilisiya. Ƙarya nake yi. Akwai wanda ya zo ranar wata Alhamis, ina zaune gaban faranti ɗaya da cokali ɗaya:

"Ubangiji ya ce bai halicce ki don ki ci abinci ke kaɗai ba."

Na ajiye cokalin. Na ce a raina, cire "Ubangiji ya ce" ɗin nan, abin da ya rage maganar mutum ce da ya san ɗacin teburin da babu kowa a ɗaya gefen. Na ce wannan dattijo matsoraci ne, amma a bayan tsoronsa akwai zuciya. Sau nawa na karanta layin nan, ba zan faɗa ba.

Ana cikin haka sai Auta ta tsananta zuwa. Auta ita ce ƙaramar 'yata, nas ce, shekarunta talatin da takwas, an kuma yi mata canjin wurin aiki zuwa wani asibiti mai nisa, za ta tashi ƙarshen wata. Kowace Asabar sai ga ta da leda. Yau leshi ruwan toka, gobe ɗankwali mai zare na zinariya, jibi takalmi marar tsini.

"Mama, ki sa wannan ran Lahadi."

"Wanda nake sawa ya yage ne?"

"Haba Mama. Baba Kafinta fa mutumin kirki ne. Kowa ya shaida."

"Kowa ya shaida, shi ne bai shaida ba. Ya taɓa buɗe baki ya ce yana so na?"

"Ai ya ce Ubangiji ne ya ce."

"Ubanki da ya nemi aurena, wasiƙa ya rubuto, layi goma sha ɗaya, ya sa cikakken sunansa da na mahaifinsa. Kakanki ma haka ya yi wa kakarki, ga shi bai yi makaranta ba, sai da ya nemi mai rubutu, ya dangwala yatsa a ƙasa. A gidan nan ba a taɓa auren wanda bai ce 'ni ne' ba."

Ta tura baki kamar tana 'yar shekara tara. "Mama, in Allah ya yi magana kika ƙi fa?"

Na ce, "In ya yi, zan gane muryarsa. Ɗauke ledarki daga kan kujerar ubanki."

Ranar Talata da safe, ina shan shayi, waya ta yi ƙara.

"Salama, Malama. Ubangiji ya ce ki daina tsallake ƙwayar safe, ki riƙa ɗora ƙafa a kan matashi in kin zauna, ki kuma shimfiɗa tabarmar roba a banɗaki."

Na karanta sau biyu. Na tashi na ɗauko koren littafin da jan birona, wanda rabona da shi tun ranar ritaya, na zauna a tebur na yi aikin da na iya. Saƙo arba'in da ɗaya. Na bi su ina ja wa kowane abu da marubucin ya lura da shi layi. Kumburin ƙafa, sau biyar. Gishiri a abinci, sau uku. Ƙwaya, barci, jiri, hawa matakala. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana shaƙar ƙurar katako bai ambaci ƙofa ko sau ɗaya ba. Babu ƙusa, babu rufi, babu abin da ya karkace yana so a miƙe shi. Wannan Ubangijin da ke magana ta bakin Kafinta, ga dukkan alamu, a makarantar koyon jinya ya yi karatu.

Banɗaki kuwa, na zame a ciki wata huɗu da suka wuce, na yi kusan awa ɗaya a ƙasa kafin in iya tashi. Mutum ɗaya tak na gaya wa, na kuma sa ta rantse.

Ban yi kuka ba, kada wata ta rubuto tana tambaya. Na rufe littafin, na tura saƙo biyu. Ga Kafinta: "Malam, ina gayyatarka gidana ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma." Na sa sunana. Ga Auta: "Ki zo Asabar ƙarfe huɗu. Kada ki kawo leda."

Ranar Asabar ɗin na ɗaura shuɗin zanen da na sa a bikin sallamata daga aiki, na sa farar riga mai dogon hannu da tabarau na karatu. Na jera kofuna uku na tangaran, waɗanda ba a fitowa da su sai don baƙon da ake girmamawa ko wanda za a yi wa hukunci. Auta ta riga shi isowa. Da ta ga kofi na uku da koren littafin a kan tebur, sai ta sha jinin jikinta, ta zauna a bakin kujera tana juya makullin mota.

Ƙarfe huɗu daidai ya yi sallama. Farar riga ce a jikinsa, sabuwa, har layin ninkin shago bai baje ba. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shigo riƙe da hula a hannu biyu. Babban yatsansa na hagu ba shi da farce. Da ya ga Auta sai ya tsaya cak.

"Zauna, Malam. Ina gajiya? Ina iyali?"

"Lafiya lau, Malama. Mun gode Allah."

Na zuba masa shayi, na bar shi ya kurɓa sau ɗaya, domin ba a yi wa baƙo tambaya da busasshen maƙogwaro. Sannan na buɗe littafin.

"Malam, saƙo arba'in da ɗaya ka turo mini, kowanne da sunan Ubangiji. Ina so in san yadda yake zuwa maka. A mafarki ne, ko da rana kana aiki?"

Ya dubi Auta. Auta ta dubi silin.

"To... Malama, ni dai alƙalami ne kawai. Kamar yadda manzanni suka yi. Aka ba su, suka rubuta."

"Wa ya koya maka haka?"

"Ai haka muke ji."

"Kun ji ba daidai ba. Likitan da ya rubuta bishara ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya bi diddigi, ya tambayi waɗanda suka gani da ido, ya tsara komai bi da bi. Alƙalami yana bin diddigi? Manzon da ya rubuta wasiƙu yakan fara da sunansa, ya ƙare da gaisuwa da hannunsa. Har magatakardan da ya riƙe masa alƙalami, a wata wasiƙa, ya ɗago kai ya gaida jama'a da sunan kansa. Ba wanda ya ɓuya a cikinsu, Malam. An yi musu bulala saboda abin da suka rubuta, domin an san su ne suka rubuta. Kai wa za a yi wa bulala a kan tabarmar roba?"

Ya dubi kofin da ke hannunsa. Ya ajiye shi.

Auta ta ce, "Mama, ya isa. Ni ce. Ni nake rubutawa in tura masa, shi ya turo miki. Kada ki ci mutuncinsa."

"Na sani tun Talata. Ina so ne in ji ko a cikinku akwai mai iya cewa 'ni ce'. Ashe mace ce ta iya."

"To me kike so in yi? Zan tafi ƙarshen wata! Kin faɗi a banɗaki kin hana ni gaya wa kowa. Na ce ki bi ni, kin ƙi. Na ce a kawo mai taya ki zama, kin ce ba kya son baƙuwar ƙafa a ɗakin girkinki. Likita ya yi magana, kin ce yaro ne. Fasto ya yi magana, kin ce kin girmi ubansa. Mama, ba kya jin maganar kowa a duniyar nan sai ta Allah. Shi ya sa na ce bari in bi ta can."

Na yarda, masu karatu, yarinyar ta iya tsara hujja. A wurina ta gada.

Ta share ido da bayan hannu ta ci gaba. "Kuma ke da kanki kika koya mana cewa Allah yana magana ta bakin mutane. Me ya hana ya yi ta bakina? Ƙarya na faɗa? Ba kya tsallake ƙwaya?"

"Ina tsallakewa. Gaskiya kika faɗa, da sunan da ba naki ba. Saurara, tunda kin manta abin da aka koya miki. Manzon nan mai wasiƙu, da ya zo maganar aure, har da auren gwauraye irina, ya raba zancensa biyu a fili. Ya nuna inda umarnin Ubangiji yake, ya kuma nuna inda yake ba da shawararsa a matsayin amintaccen bawa. Mutumin da Ruhu ke hura wa ke nan, yana tsoron ya jingina wa Allah abin da bai ce ba. Ke kuma, da wayarki da takardar shaidar jinya, kin yi sau arba'in da ɗaya ko gezau. Da kin ce, 'Mama, ni 'yarki ina jin tsoro,' da na ji. Wataƙila da na yi faɗa, amma da na ji."

Ta sunkuyar da kai. Na juya shafi zuwa ranar Alhamis ɗin nan. Ban so in tambaya ba, bakina ne ya riga ni.

"Wannan fa? Na cin abinci ni kaɗai. Wa ya rubuta?"

Auta ta ce a hankali, "Ni ce. Na leƙo ta taga na gan ki."

Na rufe littafin. Wata uku ina ɗaukar tausayin 'yata ina kiransa son namiji. Ba na fatan maƙiyina ya ji abin da na ji a ƙirjina a lokacin, amma fuskata ba ta nuna ba, domin ba a haife ni don in ba mutane abin kallo ba.

Na juya ga Kafinta. "Malam, kai na fi rainawa. Ita yarinya ce, tsoro ya kore ta. Kai shekararka saba'in. An ba ka kalmomi ka ɗauka ka kawo kamar ɗan aike, ba ka ƙara ko ɗaya taka ba. Ashe ba ka da abin faɗa mini. Sha shayinka ka tafi, ba na riƙe da kai."

Bai sha ba, bai kuma tashi ba. Ya daɗe yana murza bakin hularsa.

"Malama, ni ban iya magana ba. Da ta zo ta ce za ta taimake ni, na ga kamar ke mai ilimi ce, maganata ba za ta shiga kunnenki ba. Na yi kuskure. Amma kada ki ce ba ni da abin faɗa." Ya ɗago kai ya dube ni. "Bencin da kike zama a coci, na uku daga gaba, gefen taga. Kin lura tashi ya yi miki sauƙi?"

Na ce, "Gwiwata ce ta samu sauƙi."

"Ba gwiwa ba ce. Shekara biyu da suka wuce na ga kina dafa bango kafin ki miƙe, kina kuma duba ko wani ya gani. Ran Litinin na je na kwance ƙafafunsa na sa wasu, na ɗaga shi yatsa biyu. Na sa masa madafi a gefenki, na goge shi har ya yi santsi don kada ya ja miki zane. Na yi wa na gabansa da na bayansa fenti ɗaya da shi don kada a gane. Wannan kafin 'yarki ta zo wurina ne da fiye da shekara ɗaya da rabi."

Auta ta ɗago kai tana kallonsa, baki buɗe. Ita ma ba ta sani ba.

Ni kuwa ina tuna sau nawa na tsaya a taron mata na ba da shaida cewa Allah ya taɓa gwiwata. Ban janye shaidar ba, ku sani. Ya taɓa ta. Da zarto da hannu marar farce ya taɓa ta, ni ce ban tambayi ta hannun wa ba.

Na daure na ce, "Gyaran benci aikinka ne. Ba neman aure ba ne."

"Haka ne." Ya miƙe, ya sa hularsa, ya sake cire ta. "Mu kafintoci mukan rubuta awo da fensir a ƙarƙashin katako, inda ba a gani. A ƙarƙashin naki ba awo na rubuta ba."

"Me ka rubuta?"

"Ba zan iya faɗa a gaban yarinya ba. Ba Ubangiji ne ya ce ba, Malama. Ni ne. Rubutun ba kyau, aji huɗu na tsaya. In kin ga kuskure ki gyara."

Ya sa takalminsa ya tafi, ya bar rabin shayi.

Na fara tattara kofuna. Can Auta ta ce, "Mama, in kina so, gobe in leƙa ƙarƙashin bencin in ɗauko miki hoton rubutun a waya."

"Kin ɗauko mini saƙo ya isa haka."

"To in kawo ƙaramin madubi, ki zura a ƙasa, ba sai kin sunkuya ba. Gwiwarki fa."

Kada ku yi saurin murna. Ban yafe masa ba, ban ba shi amsa ba, mai yiwuwa ne kuma in tarar da shirme, in dawo in gaya muku shirme ne. Shekara hamsin ina shiga cocin nan, ba wanda ya taɓa ganin gwiwata a ƙasa sai don addu'a. Na gaya wa Auta ta zo da mota ƙarfe shida na safe ta kai ni coci, kafin 'yan waƙa su iso, ta kawo tocila, ta kuma tsaya a waje ta juya baya.

Madubin kuwa na ƙi. Dattijon nan a durƙushe ya rubuta, a durƙushe zan karanta.